Takarda, Waya Ko Kunne: Wane Karatu Ya Dace Da Hanyar Sakkwato?

Mai barin Sakkwato yakan rasa kuɗin guzuri, yakan rasa wurin miƙe ƙafa a mota, amma lokaci kam ba ya rasa shi. Garin yana can ƙuryar arewa maso yamma, duk inda mutum ya nufa da nisa. Kano ta haura kilomita 500, Abuja ta fi haka, Legas ta wuce 1,000, ga shi layin dogo bai taɓa isowa ba, ya tsaya a Ƙaura Namoda. Saboda haka duk ma'abocin karatu a garin nan, ko ya shirya ko bai shirya ba, wani babban kaso na karatunsa a hanya zai yi shi. Abin da ya rage masa shi ne zaɓi: ya ɗauki littafin takarda, ko ya dogara da wayarsa, ko ya sa abin sauraro a kunne wani ya karanta masa. Bayan wannan kuma akwai zaɓi na biyu da mutane ba su cika tunani a kansa ba, wato wane irin littafi ne yake jure wa hanya.

Abin da ke sa a yi kuskuren zaɓi shi ne a ɗauki tafiya a matsayin lokaci guda. Ba haka take ba. Akwai zaman jiran lodi a tasha, inda mota take tsaye, ɗan kamasho yana ta rantsuwa saura mutum biyu alhali kujeru huɗu ne babu kowa. Akwai lokacin gudu, daga Kwannawa har Talata Mafara, daga nan har Gusau, Tsafe, Funtuwa. Akwai tsayuwar da ba a shirya mata ba: faci, shingen bincike, tirela ta gitta a hanya, direba ya shiga wani ƙauye sauke buhu. Sai kuma daren masauki, bayan an isa, jiki ya mutu amma barci ya ƙi zuwa saboda baƙon wuri. Kowanne cikin waɗannan da abin da yake ɗauka, kuma babu kayan karatu guda ɗaya da ya ci su duka.

A zaman tasha, takarda ce sarauniya, ba ni da shakka a kan wannan. Ba ta neman caji, hasken rana ba ya dushe rubutunta, hasali ma ƙara mata kyau yake yi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta waya da hantsi a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ya san yadda ake yi: ka ƙure hasken gilashin, ka kāre shi da tafin hannu, ka runtse ido, wayar ta ɗauki zafi har ka ji ta a cinya, batirin yana zuba kana kallo. Kafin a cika mota ka cinye cajin da za ka nemi mai tarbarka da shi a Kano. Littafi kuwa in ya faɗi ƙasa sai ka karkaɗe, in zufa ta taɓa shi ya bushe, in ka manta shi a kan benci ka tafi alwala, da wuya ka dawo ka tarar an ɗauke. Waya ba ta da wannan gatan a tasha.

Sai dai da zarar an tashi, lissafi ya juye. A gidan baya na Sharon ko Golf, inda aka cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, hannu ɗaya kawai gare ka. Ɗayan ya maƙale tsakanin haƙarƙarinka da kafaɗar maƙwabci. Da hannu ɗayan nan za ka riƙe littafin, babban yatsa a tsakiya, ƙaramin yatsa yana tare shafi kada iskar taga ta juya shi, kuma duk lokacin da za ka buɗe gaba sai ka nemi afuwa ka zaro gwiwar hannu. A nan waya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: yatsa ɗaya ya isa, kuma kana iya ƙara girman rubutu yadda gargada ba za ta sa ka ɓata layi ba. Wannan ƙara girman ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya fara manyanta, domin tsofaffin littattafanmu da yawa ƙananan baƙaƙe gare su, bugun baya-bayan nan kuma wani sa'in tawadar ta kwanta.

Amma takarda da waya duk abu ɗaya ke kayar da su a cikin gudu, shi ne tashin zuciya. Dalilinsa a fili yake. Ido yana kafe a kan shafi yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune ake, alhali sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana jin kowace kwana da kowane rami. Saƙo biyu sun saɓa, sai jiri, sai gumi mai sanyi, sai miyau ya tsinke. Wasu Allah ya hutar da su, suna iya karatu daga tasha har tasha. Wasu kuwa ko saƙon waya suka duba sun shiga uku. In kana cikin kashi na biyu, kada ka yi gardama da jikinka. Kujerar gaba tana rage abin, ɗaga kai a kalli nesa lokaci zuwa lokaci yana ragewa, wasu suna samun sauƙi da tauna citta, amma magani na gaskiya shi ne a rufe littafin har sai mota ta tsaya. Babu labarin da daɗinsa ya kai a nemi leda a gaban mutane.

Nan ne kunne yake shigowa. Sauraro shi kaɗai ne karatun da ba ya faɗa da motsin mota, kuma shi kaɗai ne yake barin idonka ya ga hanya: gonakin gero da dawa da damina, duwatsun Kwatarkwashi, masu tallar rake da dafaffen ƙwai da ke rugowa duk inda aka rage gudu. Yanzu masu karanta littattafan Hausa da murya sun yi yawa a YouTube, ga karatun malamai da tafsiri da ake turawa a memori a shagunan caji. Sharaɗin farko, a sauke komai tun a gida. Sabis yana ɗaukewa a wurare da dama tsakanin garuruwa, kuma ba abin da ya kai takaici irin murya ta tsaya cak ana tsakiyar rikici. Sharaɗi na biyu, a saurari mai karatun na ɗan lokaci kafin a amince masa da tafiyar yini guda. Akwai masu murya mai daɗi da suka san inda ake numfasawa, akwai kuma masu karanta zancen soyayya da sanarwar rasuwa da sauti ɗaya, ga kiɗa a ƙasa da ya fi muryar ƙarfi.

Aibin sauraro guda biyu ne, kuma na biyun ya fi nauyi. Na farko barci: muryar tana tafiya, kai ka tafi, ka farka a Funtuwa ka tarar an yi aure an yi saki ba ka san lokacin ba, kuma neman inda ka tsaya a cikin sauti ya fi wuya a kan neman shafi. Na biyu, kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki a shekarun nan. Ba hanyar da mutum zai toshe kunnuwansa biyu ba ce. Kana bukatar jin abin da direba yake faɗa, da abin da direban da ya fito daga gaba ya gaya masa, da sauyin muryar mutane in wani abu ya taso. Ni dai kunne ɗaya nake sa wa, ɗayan na bar wa mota. Ga kuma haƙƙin zama: dattijo ya yi maka magana sau biyu ba ka amsa ba, ya gama yanke maka hukunci, da kai da gidan da ka fito.

To, wane littafi? A nan ne na fi son a tsaya, domin an fi yin asara a nan. Littafin hanya ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowanne daraja ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya jure katsewa. Za a katse ka don karɓar kuɗin mota, a katse ka don ka matsa, a katse ka don salla, a katse ka don wani yana son sanin ko garinku an yi ruwa. Littafin da sai ka riƙe sunaye ashirin da dangantakarsu a ka kafin ka gane shi, wannan na ɗaki ne. Na hanya shi ne wanda za ka ajiye a kowane wuri, ka dawo ka ɗora ba tare da ka koma baya ba.

Da wannan ma'auni, ban ga wanda ya kama ƙafar Magana Jari Ce ba. Abubakar Imam ya fitar da shi kashi uku a ƙarshen shekarun 1930, kuma gininsa kansa na mai katsewa ne: aku yana ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari da farkonsa da ƙarshensa, yawancinsu ba su wuce abin da za ka gama kafin a ɗaure kaya a but ba. In an tashi ka rufe, ba ka bar kowa a rataye ba. Kashi ɗaya ya isa tafiya, kada a kwashi ukun. Wanda ya karanta shi a firamare ko sakandare yana ganin ya san shi, amma komawa gare shi da furfura wani abu ne daban. Da ƙuruciya dariya kake nema. Da girma sai ka fara lura da yadda ake magana a gaban sarki, da yadda wazirin nan yake ƙulla sharri da ladabi, da yadda marubucin yake juya jimla ta faɗi daidai inda ya so.

Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, ya fi shi gajarta sosai, kuma shi labari ne guda, amma a yanke yake gari-gari, domin shi kansa labarin tafiya ne. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin hukumar fassara ta Zariya, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Fifikon Ruwan Bagaja a hanya shi ne ana iya karanta shi a bayyane. Wata rana mota ta lalace mana a gefen wani ƙauye, yaron mota ya hau babur ya tafi neman bakanike, muka baje a gindin bedi. Ina cikin karatu wani dattijo mai buhun albasa, da tun daga tasha bai ce uffan ba, ya leƙo.

"Malam, wanga littahi na addini na ko na labari?"

"Na labari na, Baba."

"To karanta muna mu ji, tunda wagga mota ta ƙi tahiya."

Na fara daga inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke rama wa juna tsiya. Kafin a je ko'ina wata mata da ke can gefe da goyo ta matso da tabarmarta, wani ɗan makaranta ya cire abin kunnensa. Dattijon nan yana dariya har yana share hawaye da bakin rawani, yana cewa, "Kai, wanga Zurƙe ba ya da tsoron Allah!" Da na tsaya in sha ruwa sai ya ce, "Ɗiyana, ƙara muna." Waya ba ta cika haifar da irin wannan ba. Mai kallon waya ana ɗauka harkarsa yake yi, ba mai tambayarsa. Mai riƙe da littafi kuwa bangon yana waje, kowa yana gani, kuma a ƙasar nan ganin takarda a hannun mutum gayyatar hira ce. In kai mai son a bar ka ne, ka lissafa wannan a cikin aibin takarda.

Shaihu Umar ban ba da shawarar a buɗe shi a tasha ba, ko da yake shi ma ɗan siriri ne. Labarin yaron da aka sace aka ratsa hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare, ba abin da za a karanta ana yi maka tallar kilishi a ka ba ne. Muryarsa a natse take, ta malami mai ba almajirai tarihinsa, kuma tana son shiru. Ajiye shi sai daren masauki. Ganɗoki kuma rabinsa na farko, inda ake gwabzawa da Turawa a ƙasar Kwantagora, yana tafiya da mutum, ga kirari ga cika baki. Da ya faɗa duniyar aljanu ni dai yakan sake ni, amma na san masu cewa nan ne daɗin yake. Mai bin hanyar Legas ta Jega da Yawuri zai ratsa Kwantagora da kansa, wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukarsa.

Wannan ya kawo mu ga wani nau'in jin daɗi da ɗan Sakkwato ya fi kowa samun damarsa, wato karanta abu a inda ya faru. Hanyoyin da ke fita daga garin nan duk tarihi ne a shimfiɗe. In ka nufi Illela ta Kware da Gwadabawa, kana ratsa yankin Ɗegel, inda Shehu Usmanu ya tashi ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. In ka bi ta Boɗinga, ga Sifawa nan, inda ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815. Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ba ta da nisa. Infaƙul Maisuri na Bello, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, da Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u da ke bin sawun jama'ar Shehu zango-zango, duk suna ambaton wuraren da za ka gani a allon gefen titi. Sunan da ka saba ji a bakin ɗan kamasho sai ka gan shi a cikin baiti, daga ranar kuma ba za ka ƙara wuce garin da ido ɗaya ba. Mai tafiya Kano ma yana da abokin hanya: Abdullahi ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba, Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya juyo.

Sai dai gaskiya, waɗannan ba su jure katsewa. Sunaye sun yi yawa, yaƙi yana bin yaƙi, wanda ba ya da Larabci kuma sai ya nemi fassara. Dabarar ita ce a karanta babin da ya shafi hanyar tun daren tafiya, a bar ido ya yi sauran aikin da safe. Waƙar ce kawai take shiga mota da sauƙi, domin baiti gajere ne, kana karanta biyu ka ɗaga kai ka yi ta juya su a zuci har kilomita goma. Ga wanda karatu ke sa wa jiri, rubutacciyar waƙa ita ce mafita a takarda. A kunne kuma ta fi kyau, tunda don kunne aka yi ta. Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, da baki aka tsara shi kafin a rubuta, kuma wanda ya ji ana rera shi ya san shafi bai ɗauko rabin abin ba.

Af, tafiya da littafi ba baƙon abu ba ne a nan. Magabata a gafaka suke zuba nasu, warƙa-warƙa ba ɗinki, a rataya a kafaɗa ko a ɗora wa raƙumi, kuma rashin ɗinkin yana da amfani: malami yana iya ba almajirai uku sashe uku na littafi ɗaya a zango ɗaya. Da Baturen nan Clapperton ya dawo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafi na Iƙilidisu, masanin nan na zamanin Girkawan dauri, da Larabci, Bello kuwa ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa, gobara ce ta cinye. Littafi ya daɗe yana shigowa garin nan ta hanyar da fatake suke bi.

Yanzu ga littattafan zamani, waɗanda su ne akasarin abin da matasa, musamman mata, suke karantawa a waya. Tun daga 1980, lokacin da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito, har zuwa ambaliyar littattafan Kano a shekarun 1990, labarin soyayya da zaman aure ya samu kasuwa. Yau kasuwar ta koma WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks, ana sakin labari shafi-shafi, a ba ka na farko kyauta, in ya kama ka ka tura kuɗi a sa ka a zauren masu biya. Ga doguwar tafiya suna da ƙarfi ɗaya da tsofaffin ba su da shi: tsawo. Labari ɗaya yana iya kai ka Legas ya dawo da kai bai ƙare ba, kuma cin su kamar cin aya ne, ba ka ƙoshi ba ka dainawa. Ba su da nauyin ɗauka, ashirin suna shiga waya ɗaya.

Rauninsu ma a san shi. Da yawa ba su ga edita ba, za ka sha kurakuran rubutu da maimaici, wani babin an ja shi ne kawai don a cika shafin ranar. Wasu kuma akwai wuraren da ba za ka so na kusa da kai ya gani ba, alhali a mota gilashin wayarka allon kowa ne, na bayanka yana karantawa tare da kai ko bai yi niyya ba. Sannan abin da ke cikin manhaja ba naka ba ne sai ka sauke shi. OkadaBooks, da marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Ga kuma jarabar da ke cikin wayar kanta: ka buɗe don karatu, saƙo ya shigo, ka leƙa Facebook, ka farga an wuce Gusau ba ka gama shafi ɗaya ba. Wanda zai yi karatun gaske a waya ya kashe data. Kuma in labarin na kuɗi ne a biya mai shi. Wadda ta kwana tana bugawa da yatsa biyu ba don a yi ta yawo da guminta a zaure-zaure kyauta ta yi ba.

Littattafan addini suna da nasu hukuncin, ba na daɗi ko rashinsa ba, na ladabi. Ƙaramin littafin azkar ko Ishiriniya yana shiga aljihun gaba, kuma ya dace da hanya ƙwarai tunda abin da aka saba ne, ido yana taɓawa baki yana ƙarasawa. Matsalar ita ce wurin ajiya. A motar haya jaka takan ƙare a ƙarƙashin ƙafa ko a but, ƙarƙashin buhu da kaji, kuma bai kamata a yi wa takarda mai ɗauke da ayoyi haka ba. In ba za ka iya riƙe jakar a cinya har a isa ba, a nan waya ta fi, musamman ga Alƙur'ani: ka bar Mus'hafinka a gida cikin mutunci, ka yi tilawa ko sauraro daga manhaja.

Jirgin sama ba ya bukatar dogon bayani. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja kusan awa guda ce, kafin ka nutsa an fara sauka. Karatun yana zauren jira ne, inda jinkiri yakan fi tafiyar tsawo, kuma can akwai kujera da inuwa, don haka ɗauki littafi mai nauyin tunani, wanda mota ba za ta bar ka ka karanta ba. Maniyyata su ma haka: zaman sansanin alhazai ya fi awannin sama yawa, ƙaramin littafin manasik a jakar wuya ya fi amfani a kan tulin da za a auna a kilo. A tuna fawa banki a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a aika ƙasan jirgi ba. Wanda tafiyarsa ta haɗa da jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, da ya fara aiki a 2016, shi ya samu wuri mafi kyau duka: tsakanin Rigasa da Idu babu rami babu kwana mai kaifi, har masu jiri da yawa suna iya karatu. Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Abubakar Imam Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dace da wannan zama. Doguwar motar kudu kuwa, in dare ya yi aka kashe fitilun ciki, takarda ta gama aiki. Sai waya da haske a ƙasa-ƙasa don kada a hana maƙwabci barci, ko kunne.

In aka ce in zaɓa wa mai zuwa Kano ko Kaduna a motar haya, ga abin da zan sa masa: siririn littafin takarda guda ɗaya mai gajerun labarai a aljihu ko saman jaka, don tasha da tsayuwar dole, sauti na awa uku ko huɗu da aka sauke tun a gida, don lokacin gudu, waya kuma a bar mata cajinta, ta zama ajiya in an kwana a hanya. Mai jiri ya ƙara yawan abin sauraro ya rage takarda. Mai tafiya da yara ya ɗauki Magana Jari Ce ko littafin tatsuniyoyi ya karanta musu da baki, ya fi miƙa musu waya su cinye batiri su kuma yi amai. Ɗalibi mai komawa makaranta da ke cewa zai yi bitar jarrabawa a mota, yaudarar kansa yake yi, gara ya ɗauki labari.

Kada a tafi da kwafin da ake ji da shi. Littafin hanya yana shan ƙura da hunturu, ya sha ruwa da damina, manja ya ɗiga masa daga kayan wani, kuma akwai yiwuwar wani ya ce ara mini in duba, ya sauka da shi a Tsafe. A sayi mai araha, a sa shi a leda. Masu sayarwa suna nan a kasuwa da bakin manyan masallatai, wasu ma har cikin tasha suke zagayawa da shi a faranti tare da carbi da turare. Sai dai bugun satar fasaha ya yi yawa, kuma alamarsa ba a bango take ba. Kafin ka biya, buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi da yatsa, ka duba na ƙarshe ka tabbata labarin ya kai inda marubucin ya tsaya, domin akwai kwafin da ke tsallake shafi goma sha shida a dunƙule, ko ya maimaita maka wasu sau biyu. Ka kuma ɗan tanƙwara gindin littafin: in gam ɗin ya yi ƙara ko takarda ta fara zamewa tun a hannun mai sayarwa, ajiye ka ɗauki wani.